Tarihin Maganin Kitsen Jini da Masu Ciwon Zuciya

A shekarar 1978 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Turai, kan maza sama da 15,000. An ba wani rukuni maganin clofibrate domin rage kolestarol, wato kitsen jini, aka ba wani ƙwayar da ba komai a cikinta sai man zaitun. Kitsen ya sauka, bugun zuciya ya ragu, amma da aka ƙirga mamata sai aka tarar sun fi yawa a cikin masu shan maganin. Takardar gwajin jini ta yi kyau, masu ita kuwa ba su tsira ba. Daga nan likitoci da yawa suka yi sanyi da batun rage kitse.

Sai a 1994 aka sami hujja mai ƙarfi. A ƙasashen arewacin Turai an bi marasa lafiya 4,444 masu toshewar jijiyoyin zuciya fiye da shekara biyar. Cikin masu shan simvastatin mutum 182 suka rasu, cikin sauran 256. An ce mutuwa ta ragu da kashi 30 cikin ɗari, kuma gaskiya ne, sai dai a wani lissafin ana nufin mutum uku zuwa huɗu cikin kowane ɗari suka tsira. Riba ce babba, amma lissafi na biyu ya fi faɗa wa iyali gaskiyar abin da za su sa rai da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar “ciwon zuciya” da muke yi wa kuɗin goro. A shekarun 1970 Davidson da Parry sun yi nazarin gazawar zuciya ga masu jego a Zariya, suka danganta ta da kunun kanwa da wankan jego. Wannan ba toshewar jijiya ba ce. Haka ma zuciyar da hawan jini ya gajiyar, wadda ta fi yawa a asibitocinmu. Gwajin CORONA na 2007 ya nuna rosuvastatin bai rage mutuwa ga tsofaffi masu gazawar zuciya ba.

Don haka wanda ya taso daga Wurno ko Gwaram zuwa asibiti a Birnin Kudu, ya tambayi likita wane irin ciwo ne nasa. In toshewar jijiya ce, ko an taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, a riƙe maganin kullum, kada a daina don an ga kitsen ya sauka.