Kurtu, ƙaro da ɗigon ruwa: tawadar malaman ƙasar 'Yandoto

Tun kafin a kafa Gusau akwai 'Yandoto. Wannan tsohon gari da ke ƙasar Tsafe ya yi suna da malamai tun gabanin jihadi, kuma daga can Malam Sambo Ɗan Ashafa ya taso ya kafa Gusau. Wajajen 1806 Muhammadu Bello ya ci 'Yandoto da yaƙi. Da Shehu Laminu na Barno ya zargi masu jihadi da wulaƙanta littattafai, Bello ya ba da amsa a littafinsa Infaƙul Maisuri cewa ya ga iska tana kwasar takardu, shi da kansa ya bi yana tsincewa.

Ana yawan tuna waɗannan takardu, amma ba a cika tambayar da me aka rubuta su ba.

Tawada iri biyu malamai suka gada. Ta allo daga gawayi ko baƙin gindin tukunya ake yin ta, a dama da ƙaro. An yi ta ne don ta wanku, shi ya sa ake rubutun sha da ita. Ta takarda kuwa, wadda ake kira 'yambari, bagaruwa ake jiƙawa da kashin maƙera, a dafa, a tace, sannan a zuba ƙaro. Sinadarin bagaruwar da majema ke jima da shi ne yake haɗuwa da ƙarfe ya yi baƙi, ya kama jikin takarda. Takardar kanta daga Italiya fatake suka riƙa kawo ta ta hanyar Tarabulus, mai tambarin jinjirin wata uku.

Gwanintar duk tana wurin haɗi. Ƙaro ya yi yawa, rubutu ya yi ƙyalli, da damina warƙa ta manne da 'yar'uwarta, da rani kuma harafi ya ɓanɓare. Ya yi kaɗan, yatsa na gogawa sai baƙi ya biyo shi. Ruwa ma haka: in ya zarce, tawada ta tsinke ta malale, in ya gaza, ta daskare a bakin alƙalami. Alaramma ba shi da wani ma'auni. Yana tsoma alƙalami a kurtu, ya ja layi guda a gefen allo, ya duba. Lokacin hunturu, da iska ke shanye kurtu kafin azahar, da ɗigo ɗigo yake ƙara ruwa.

Mai rubuta Alƙur'ani da ka kuma kurtu ɗaya ba ya isar sa: baƙi na harufa, ja na wasali, rawaya na hamza, kore na alamar sadarwa, kowane da kaurinsa. Mai zayyanar allon sauka yakan so tasa ta fi kauri, don launi ya zauna bisa itace.

Bayan jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, kayan kanti suka yawaita, galura ta sauƙaƙa aikin launi. Abin takaici, launin galura yakan koɗe da wuri. Baƙar tawada dai ba ta kau ba: a makarantun allo na Bunguɗu da Tsafe har yau almajiri kan kankare gindin tukunya, ya jiƙa ƙaro tun dare saboda rubutun asuba.