Rantsuwa Kafin Hukunci: Giɓin da Ke Cikin Wa'adin Gwamna a Nijeriya

Ranar 29 ga Mayu, 2007, aka rantsar da Andy Uba a matsayin gwamnan Anambra. Ranar 14 ga Yuni Kotun Ƙoli ta ce ya tattara komatsansa, domin kujerar da ya hau tana da mai ita. Ko sati uku bai cika ba. Hujjar kotun tana cikin sashe na 180 na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka ce shekara huɗun gwamna tana fara ƙirguwa ne daga ranar da ya sha rantsuwar kama aiki. Shi kuwa mai kujerar, Peter Obi, sai a watan Maris na 2006 ya sha tasa, bayan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cewa shi ya ci zaɓen 2003, ba Chris Ngige ba, wanda a lokacin ya kusa shekara uku a gidan gwamnati. Saboda haka wa'adin Obi sai 2010 zai ƙare, kuma zaɓen da aka yi a 2007 ya tashi a tutar babu.

Daga nan Anambra ta bar layin sauran jihohi. Edo ta bi sahu a 2008 da Adams Oshiomhole, Ondo a 2009 da Olusegun Mimiko, Ekiti da Osun a 2010 da Kayode Fayemi da Rauf Aregbesola, sai Imo a Janairun 2020. Idan aka haɗa da Kogi da Bayelsa, jihohi 8 ke nan da ke zaɓen gwamna a lokaci na daban, 28 kuma suna yi tare. Babu majalisar da ta zauna ta tsara hakan. Shari'o'i ne suka yi ta jan ƙafa har suka karkatar da kalandar ƙasa.

Gwamnoni ba su daɗe ba suka hango ƙofa a cikin wannan hukunci. Waɗanda kotu ta soke zaɓensu na 2007, aka sake zaɓe a 2008 suka kuma ci, sai suka ce ai rantsuwa ta biyu ita ce mafarin lissafi, watannin da suka yi a baya kyauta ne. Ranar 27 ga Janairu, 2012, Kotun Ƙoli ta sauke biyar daga cikinsu a zama ɗaya: Murtala Nyako na Adamawa, Aliyu Magatakarda Wamakko na Sakkwato, Ibrahim Idris na Kogi, Timipre Sylva na Bayelsa da Liyel Imoke na Kuros Riba. An toshe wannan ƙofa, kuma gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya rubuta ƙarara cewa lokacin da mutum ya ci kafin soke zaɓe yana cikin wa'adinsa.

Abin da nake jayayya a kai shi ne, an yi ta ɗinke ƙananan yage-yage an bar babbar ɓarakar. Mu yi lissafi. Sashe na 285 ya ba mai ƙorafi kwana 21 ya shigar da ƙara, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe kwana 180, Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 60, Kotun Ƙoli ita ma 60. Jimilla ta haura kwana 300. Amma sashe na 178 ya hana hukumar zaɓe gudanar da zaɓen gwamna sai saura kwana 150 ko ƙasa da haka wa'adi ya ƙare. Wato kundin da kansa ya sa da wuya shari'ar da ta bi dukkan matakanta ta kammala kafin rantsuwa. A 2023, tsakanin zaɓen 18 ga Maris da bikin 29 ga Mayu, kwana 72 ne kacal.

Mutanen Kano sun ga illar wannan da idonsu. An rantsar da Abba Kabir Yusuf a Mayun 2023. Ranar 20 ga Satumba kotun zaɓe ta soke nasararsa bayan ta zaftare masa ƙuri'u fiye da 165,000 da ta ce babu hatimi ko sa hannu a kansu. Alƙalan ba su ma zauna a ɗakin kotu ba, ta intanet suka karanta hukuncin, 'yan sanda kuma suka kafa dokar hana fita ta awa 24. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta goyi bayan hukuncin a Nuwamba, sai Kotun Ƙoli ta rushe shi ranar 12 ga Janairu, 2024. A tsawon watannin nan, duk majalisar da ka zauna zance ɗaya ne, "a jira Abuja". Ɗan kwangila yana jan jiki kada ya zuba kuɗinsa gwamnati ta canja, ma'aikaci yana taka tsantsan da wanda zai gaisar a ofis. Ba ina magana ne a kan wa ya fi gaskiya ba. Kusan kashi ɗaya cikin shida na wa'adin da jama'a suka zaɓa ya tafi a zaman ɗar-ɗar.

Akwai kuma rashin daidaito da ba a cika faɗa ba. Wanda aka rantsar yana zuwa kotu da jiniya da rigar kariya ta sashe na 308, abokin hamayyarsa kuwa daga aljihunsa yake biyan lauya. Idan daga baya aka gano ba shi ya ci ba, kasafin da ya kashe da naɗe-naɗen da ya yi ba sa dawowa, babu kuma hukuncin da ke hawa kansa.

Masu cewa gaggawa na iya cutar da adalci suna da gaskiyarsu, musamman da yake doka ta ɗora wa mai ƙara nauyin kawo shaida rumfa-rumfa. Sai dai maganin wannan shi ne a matso da ranar zaɓe baya, a kuma rage kwanakin shari'a daidai gwargwado. An ga amfanin hukunci kafin rantsuwa a Zamfara ranar 24 ga Mayu, 2019, da Bayelsa ranar 13 ga Fabrairu, 2020, ana gobe za a rantsar da David Lyon. Hukuncin ya yi wa wasu ɗaci, amma ba a tumɓuke gwamnati mai ci ba.

Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda Shugaba 'Yar'aduwa ya kafa, ya ba da wannan shawara tun Disambar 2008: a gama shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa. Aiwatar da ita na buƙatar gyaran sashe na 178 da na 285, da amincewar Majalisar Tarayya da majalisun jihohi 24. 'Yan majalisarmu su ɗauko wannan rahoto su kakkaɓe masa ƙura kafin zaɓe mai zuwa.