Jirgin Ruwa Mai Dakon Jiragen Yaƙi: Yadda Ake Ƙera Shi da Matsalar Kayan Gyara

Jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi filin jirgin sama ne da ke yawo a kan teku. Ƙasashe ƙalilan ne suka mallake shi, kuma Amurka ce kan gaba da guda 11, dukkansu masu aiki da makamashin nukiliya. Sai dai duk girmansa, lalacewar ƙarfe guda tana iya tsayar da shi watanni a tasha.

Tsarin ƙira

Mafi girma a duniya shi ne USS Gerald R. Ford na Amurka, wanda aka ƙaddamar da shi cikin aikin sojojin ruwa a watan Yulin 2017. Tsawonsa ya haura mita 330, nauyinsa kimanin tan 100,000, kuma ya ci kusan dala biliyan 13. Samansa fili ne na tashi da sauka. A ƙarƙashinsa akwai zauren ajiye jirage da gyara su, sai rumbunan makamai da mai, sannan injuna a can ƙasa.

Da yake filin gajere ne, jirgin sama ba ya samun isasshen gudu da kansa, sai wata na'ura ta cilla shi. A da, da tururi ake cillawa, amma Ford na amfani da lantarki da maganaɗisu. Wajen sauka kuma, ƙugiyar da ke wutsiyar jirgin ce ke kama igiyar ƙarfe da aka shimfiɗa a filin, ta tsayar da shi cikin daƙiƙu. Ana sauya igiyar bayan sauka kimanin 125.

Inda gizo ke saƙa

Waɗannan jirage ba a ƙera su da yawa, don haka kayan gyaransu ba sa samuwa a kasuwa. Wasu kamfani ɗaya tak ke yin su. Idan abu ya lalace, sojoji kan yi dabarar bakanike: a ciro daga wani a sa wa wani.

A 2021, sojojin ruwan Amurka sun ciro ƙananan famfuna da na'urorin lantarki daga John F. Kennedy, wanda ake kan ƙerawa, suka sa wa Ford. A watan Nuwamban 2000, farfelar Charles de Gaulle na Faransa ta karye a Tekun Atlantika, aka sa masa tsofaffin farfeloli na jiragen da suka gabace shi, lamarin da ya rage masa gudu na shekaru. A watan Agustan 2022 kuma, mahaɗin sandar farfelar HMS Prince of Wales na Birtaniya ya lalace jim kaɗan bayan barinsa Portsmouth, bai koma aiki ba sai Yulin 2023. Yana kwance wurin gyara aka riƙa cirar kayansa ana sa wa HMS Queen Elizabeth.

Babban garambawul

Jiragen Amurka masu nukiliya an ƙera su domin aikin shekara 50. A tsakiyar wa'adin ake sake zuba musu makamashi tare da sabunta na'urori, aikin da kan ɗauki kimanin shekara huɗu. Masana'antar Newport News da ke jihar Virginia ce kaɗai ke yin sa. Na USS George Washington ya fara a 2017, bai ƙare ba sai 2023.

Sayen tsohon jirgi ma ba mafita ba ne. Brazil ta sayi Foch daga Faransa a shekarar 2000, ta sa masa suna São Paulo, amma yawan lalacewa ya sa ta dakatar da shi a 2017, ta nutsar da shi a teku a Fabrairun 2023.

Najeriya fa?

Najeriya ba ta da irin wannan jirgi. NNS Aradu, wanda kamfanin Blohm+Voss na Jamus ya ƙera, ya fara aiki a 1982, kuma jirgi mai saukar ungulu kawai yake ɗauka. Shi ma ya shafe shekaru a tsaye yana jiran gyara, har zuwa 2023 da rundunar sojojin ruwa ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dearsan na Turkiyya domin yi masa garambawul.