Santambul: Tarihin Birni Cikin Gine-ginensa da Rubuce-rubucensa

Gabatarwa

Birnin da Hausawa suke kira Santambul, Turkawa kuma Istanbul, ya sha sauya suna da sarauta. Girkawa ne suka kafa shi a ƙarni na bakwai kafin haihuwar Annabi Isa, suka kira shi Bizantiyum. A shekarar 330 Sarki Kwanstantin ya mai da shi hedikwatar daular Rum, Larabawa suka san shi da Ƙusɗanɗiniyya. Sultan Muhammadu Alfatih ya ci shi da yaƙi ranar 29 ga Mayu, 1453. Wannan maƙala za ta dubi wasu wuraren da baƙi suke ziyarta, da abin da bangayensu suke nuna wa mai nazarin harshe.

Wuraren Tarihi

Ginin Aya Sofiya shi ne kan gaba. Sarki Jastiniyan ya gina shi a matsayin majami'a tsakanin 532 da 537. Ya zama masallaci a 1453, aka mai da shi gidan tarihi a 1934, sannan ya koma masallaci a 2020. A cikinsa mai ziyara zai ga rubutun Girkanci jikin zanen da Kiristoci suka bari, ga kuma manyan faifai takwas na ƙarni na goma sha tara masu ɗauke da sunan Allah, da na Annabi (SAW), da halifofi huɗu, da Hasan da Husaini.

Daura da shi akwai Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, wanda aka fara ginawa a 1609. Masallacin Sulaimaniyya kuwa, magini Sinan ne ya kammala shi a 1557. A Fadar Topkapi aka adana kayan tarihin Musulunci da suka zo birnin bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517. Zuwa wannan birni ne Mai Idris Alauma na Borno ya tura jakadu a shekarun 1570, zamanin Sultan Murad na Uku.

Batun Rubutu

Kusan duk rubutun da ke ƙofofin waɗannan gine-gine da kan kaburbura da haruffan Larabci aka yi shi, ko da Larabci ko da Turkancin Usmaniyya. A 1928 gwamnatin Mustafa Kamal Ataturk ta maye gurbin waɗannan haruffa da na Romawa. Karatu ya yaɗu a cikin jama'a bayan haka, amma yawancin Turkawan yau ba sa iya karanta abin da kakanninsu suka sassaƙa a jikin dutse sai da taimakon masani.

Kammalawa

Wannan al'amari bai yi nisa da mu ba. Boko ya danne ajami a makarantunmu tun zamanin Turawan mulkin mallaka, ga ɗimbin takardun waƙoƙi da wasiƙu jibge a gidajen malamai. Matuƙar sassan harsunan Nijeriya ba su ci gaba da koyar da ajami ba, ɗalibanmu za su tsaya gaban gadonsu kamar baƙin da suka zo yawon buɗe ido.