Kuntigi da Ƙaramin Taro: Tarihin Makarantar Makaɗin Talakawa

Gabatarwa

Duk wanda ya duba abin da aka rubuta game da kiɗa da waƙa a ƙasar Hausa zai tarar cewa galibinsa a ƙofar fada aka tsaya aka rubuta shi. An san Ibrahim Narambaɗa da ubangidansa Sarkin Gobir na Isa Amadu, an san Musa Ɗanƙwairo na Maradun, an kuma san tambari da kakaki da algaita da ranakun da ake jin su. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin fada tana da masu tsare mata labari. Amma akwai wani makaɗin da ba shi da ubangida, ba shi da mataimaka, wanda ke zama shi kaɗai a gefen kasuwa ko tashar mota, mutum goma ko ashirin su kewaye shi, babu lasifika, babu dandamali. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawun wannan makaɗi, a nuna cewa ƙaramin taron nan shi ne makarantar da ta horar da manyan mawaƙan talakawa, sa'an nan a duba abin da ke samun makarantar idan taro ya gagara, kamar yadda ya gagara shekara da shekaru a ƙasar Birnin Gwari.

Dandali da Kasuwa Kafin Zuwan Mota

Ƙaramin taro ya girmi mota da jirgi. A ƙauyen Hausa na da, kowace sana'a tana da nata kiɗa. Mahauta suna da kalangu, maharba suna da komo, manoma suna da gangar noma a wurin gayya, 'yan mata kuwa suna da dandali bayan sallar isha'i, musamman idan akwai farin wata. Tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna a Giwa, wadda ke maƙwabtaka da ƙasar Birnin Gwari ta gabas, ta rubuta tarihin rayuwar wata dattijuwa, watau Baba ta Karo, aka buga littafin a 1954. Cikin labarin Baba makaɗa ba baƙi ba ne. Suna nan a wurin aure da suna da wasan 'yan mata ran kasuwa, samari na ba su kyauta domin su kira sunan wadda suke so.

Mijinta, M. G. Smith, ya buga wani nazari a kan roƙo a 1957, inda ya bambanta maroƙin da ke da ubangida da wanda ke yawo da kansa. Shi mai yawon ya kan sauka gari, ya binciki sunayen masu hali da asalinsu, ya fara yabo. Idan an ba shi ya gode, idan an hana shi ya juya ga habaici da zambo. Daga baya David Ames ya yi aiki cikin makaɗan Zariya a 1963 da 1964, shi da Anthony King suka fito da ƙamus na kiɗan Hausa a 1971. Abin da waɗannan nazarce-nazarce suka nuna shi ne cewa makaɗa hawa-hawa ne. Na sarki yana sama, na sana'a yana tsakiya, mai goge da mai kukuma da sauran masu kayan tsirkiya kuwa suna can ƙasa, domin tun zamanin jihadin 1804 malamai suna haɗa irin kiɗansu da bori da cuɗanyar maza da mata. Daga wannan matakin na ƙasa ne kuntigi ya fito.

Jirgi, Kuza da Tasha

Mulkin Turawa ya haifi wani sabon mai sauraro. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, ƙaramar hanyar da ta tashi daga Zariya ta isa tudun Jos a 1914, wadda ta bi ta Funtuwa da Gusau kuma ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Haƙar kuza ta jawo dubban Hausawa zuwa Jos da Bukuru, wasu bisa son ransu, wasu bisa tilas, musamman lokacin yaƙin duniya na biyu. Bayan jirgi sai manyan motoci suka biyo, aka sami tashoshi da zangon direbobi a kan manyan hanyoyi.

Mutanen da ke cika waɗannan wurare leburori ne da direbobi da karnukan mota da 'yan dako da masu tuwo. Sun baro garuruwansu, babu sarkin da ya san ubanninsu, babu maroƙin da ya haddace asalinsu. Suna da ɗan kwabo a aljihu ranar biya, suna kuma da kewar gida. Yabon gargajiya, wanda ke tsaye bisa ambaton kakanni da sarauta, bai dace da su ba. Makaɗin da ke son kwabonsu dole ne ya samo wani abin da zai faɗa musu.

Adamu Wayya, Ɗanmaraya na Jos

An haifi Adamu Wayya a Bukuru a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, amma shi da mahaifiyar yaron duka sun rasu yana ƙarami, shi ya sa ake ce da shi Ɗanmaraya. Sarkin ne ya riƙe shi. Ashe ke nan da gado ya bi, da makaɗin fada zai zama. Maimakon haka, a wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, ya komo ya harhaɗa nasa.

Ya kamata a tsaya a dubi wannan kayan kiɗa. Jikinsa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata, aka soka masa ɗan sanda, aka ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak. Ɗan'uwan molo ne da garaya da gurmi, amma ya fi su ƙanƙanta da araha, kuma shi kansa gwangwanin shaida ne cewa kayan zamanin kanti ne. Yana shiga aljihun riga. Sautinsa siriri ne, ba ya tafiya nesa kamar kalangu ko ganga. Wanda ke son jin sa sai ya matso.

Waƙar da ta fara fito da Ɗanmaraya ita ce ta Karen Mota, watau yaron da ke loda kaya, ya sa waigi a ƙarƙashin taya, ya kwana bisa buhuna. Ba a saba jin an ɗauki mutum irin wannan an yi masa waƙa sukutum ba. Wannan zaɓi ya nuna wurin da makaɗin ya zauna da mutanen da ya zauna da su. Mai sauraronsa shi ne ya zama abin waƙarsa.

Irin wannan mafari ba nasa ba ne shi kaɗai. Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, tallan goro da alewa ya fara yi, yana waƙa a kasuwa da dandali, mahaifinsa kuma bai so ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, amma makarantarsa ta fari kasuwa ce.

Abin da Ƙaramin Taro ke Koya wa Makaɗi

Darasi na farko shi ne karatun fuska. Makaɗin fada ya san wanda yake yi wa waƙa tun kafin ya fito daga gida, jama'a kuma ba za su tashi ba sai sarki ya tashi. Mai kuntigi a tasha ba shi da wannan gata. Babu wanda ya gayyaci kowa, babu wanda ya biya kuɗin shiga. Idan ɗan waƙa bai yi daɗi ba, mutum zai shanye shayinsa ya kama gabansa, makaɗin yana kallo. Saboda haka hukunci a nan take yake zuwa. Abin da aka yi wa dariya ko aka jinjina wa kai, shi ake maimaitawa gobe. Abin da aka yi wa shiru, a nan ake barin sa. Waƙar da daga baya aka ji a faifai ta riga ta sha wannan tankaɗe sau da yawa.

Darasi na biyu shi ne fitar da kalma. Inda babu lasifika, ga ƙarar inji, ga kiran masu talla, makaɗi ba zai ci nasara da ihu ba, kuma kayan kiɗansa ba su da ƙarfin da zai ɓuya a bayansu. Dole kowace kalma ta fito fes, jimla ta zama gajera, ma'ana ta zama kusa. Wanda ya saurari Ɗanmaraya zai lura cewa ko baƙon Hausa yana iya bin maganarsa, abin da ya dace da gari kamar Jos inda Hausa ce harshen kasuwa ga ƙabilu masu yawa.

Darasi na uku shi ne cike gurbin mataimaka. Makaɗin ƙungiya yana da 'yan amshi da ke ba shi damar numfashi da tunani, yana da sanƙira mai ƙara wa yabo gishiri. Mai kuntigi shi ne jagora, shi ne amshi. Idan ya kai ƙarshen ɗa sai ya bar tsirkiya ta amsa masa. Idan labari yana bukatar mutum biyu sai ya sake murya, ya zama miji, ya zama mata, kamar yadda ya yi a Jawabin Aure. Wannan dabara ta mai da waƙa tamkar wasan kwaikwayo na mutum ɗaya, kuma ba ta yin armashi sai masu sauraro suna kusa, suna ganin idonsa da motsin bakinsa.

Darasi na huɗu ya shafi abin kai wa baka. Sarki yana ba da doki da riga, har da gona, amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kyautar tasha kwabo ce da taro da sisi, kafin naira ta zo a 1973. Ba ta da yawa, wani dare ma babu, ga ruwan sama, ga ƙyamar masu ganin kiɗa ba sana'ar ɗan mutunci ba ce. Sai dai tana fitowa daga hannu da yawa, babu mutum ɗaya da zai ce shi ya mallaki bakin makaɗin. Daga nan ne aka sami 'yancin yin waƙa a kan auren dole da gulma da zaman mai akwai da marar shi, batutuwan da mai ubangida ba ya cika taɓawa.

Rediyo, Lasifika da Ɗakin Ɗaukar Murya

Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, sai muryar da mutum ashirin ke ji ta kai ga miliyoyi. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, Ɗanmaraya ya yi wa sojojin tarayya waƙa, sunansa ya ƙara bazuwa, daga baya ya yi wasa a ƙasashen waje, ya sami lambobin girma. Ya rasu a Jos ran 20 ga Yuni, 2015. Abin lura shi ne har ya bar duniya bai ƙara wa kuntiginsa tsirkiya ba, bai ɗauki 'yan amshi ba. Na'ura ta faɗaɗa abin da tasha ta riga ta gina.

Daga shekarun 1990, tare da bunƙasar finafinan Kano, aka sami mawaƙin da ke fara sana'arsa a ɗakin ɗaukar murya, fiyano da kwamfuta suna yi masa kiɗa. Wannan hanya ta buɗe wa matasa da yawa ƙofa, ba abin rainawa ba ce. Amma mai bin ta yana iya yin suna bai taɓa tsayawa gaban mutum goma da za su iya tashi su bar shi ba. Tsohuwar makarantar kuwa ta koma ƙauyuka da kasuwannin mako da zangon direbobi, inda mai gurmi da mai kukuma suka ci gaba da neman abincinsu.

Birnin Gwari da Mutuwar Taro

Ƙasar Birnin Gwari tana da duk abin da ke raya irin wannan sana'a. Hanyar da ta tashi daga Kaduna ta ratsa ta zuwa Tegina ta daɗe tana ɗaya daga cikin manyan hanyoyin Arewa zuwa Ikko, wata kuma ta haɗa ta da Funtuwa, garin da Shata ya yi zama. Ga kasuwar shanu, ga hatsi, ga maharba a bakin dajin Kamuku, ga Hausawa da Fulani da Gwari da Kamuku suna cin kasuwa ɗaya.

A cikin shekarun 2010 'yan bindiga suka mamaye dajin. A watan Mayun 2018 an kashe mutane da dama a ƙauyen Gwaska, matafiya suka shiga gudun hanyar, ƙauyuka suka watse, kasuwanni suka mutu. Sai a watan Nuwamban 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, bayan shekaru tana rufe. Idan ana lissafin hasarar waɗannan shekaru, rayuka da shanu da gonaki ake ƙirgawa, haka kuma ya kamata. Amma akwai wata hasarar da ba ta shiga rahoto. Inda mutane ke rufe ƙofa tun magariba babu dandali. Inda direba ba ya yarda ya kwana babu taron tasha. Yaron da ya tashi cikin wannan hali, ko da yana da murya da kunne, bai sami inda zai gwada su ba, bai kuma ga wanda zai kwaikwaya ba. Shekara goma kuwa ta isa tsohon makaɗi ya mutu bai bar magaji ba.

Kammalawa

Tarihin Ɗanmaraya ya nuna cewa abin da wannan sana'a ke bukata kaɗan ne: gwangwani, fata, tsirkiya ɗaya, da mutanen da hankalinsu ya kwanta har suka zauna. Na ƙarshen nan ne ya fi wuyar samu. Ɗalibin da ke neman abin bincike yana da aiki a kasuwannin ƙauye, ya ɗauki muryar tsofaffin makaɗan da suka rage, ya rubuta inda suka koya da inda suka yi wasa. Ma'aikacin hukumar al'adu kuma, wanda aikinsa ya fi karkata ga shirya babban biki sau ɗaya a shekara, yana da kyau ya tuna cewa waɗanda yake ɗorawa bisa dandamali ba a can aka horar da su ba. Ranar da aka ga mutum goma sun kewaye mai kuntigi da dare a tashar Birnin Gwari, babu mai waiwayen daji, ranar ce za a iya cewa zaman lafiya ya zauna da gindinsa.