Shaidar Zur a Shari'ar Saki: Daga Zauren Alƙali Zuwa Sabon Ibadan

'Yan uwa, tun zamanin Daular Usmaniyya alƙalan ƙasar Hausa da littattafan Malikiyya suke hukunci, musamman Risala da Mukhtasar na Halil. A can, wanda aka kama da shaidar zur horo ake yi masa a bainar jama'a, a yi shela kowa ya san shi, shaidarsa kuma ta zube. A garin da kowa ya san kowa, wannan ya fi bulala zafi.

Batun saki ya fi sarƙaƙiya. Idan mutum biyu suka yi ƙarya cewa miji ya saki matarsa, alƙali ya raba auren, Malikiyya sun ce hukuncin a zahiri kawai ya tsaya. A wurin Allah matar tana nan matar mijinta, kuma mai shaidar da ya san ƙarya ya yi bai halatta ya aure ta ba. Imamu Abu Hanifa ya saɓa musu a nan. In shaidun suka janye bayan hukunci, ba a warware shi, sai dai in ba a tare ba su biya mijin rabin sadaki. Duba fa, kuɗi na dawowa, aure bai dawo ba.

A 1960 dokar Final Kod ta fara aiki a Arewa, ta sanya ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga mai shaidar ƙarya a kotu. Dokar laifuka ta Kudu ma shekara 14 ta yanka.

Mu mazauna Kudu lamarinmu daban ne. Tun da aka kafa Sabo a Ibadan a 1916, rigimar aure gaban Sarkin Hausawa da malamai ake kai ta, domin babu kotun alƙali ta gwamnati a jihohin Yarbawa na Kudu. Kwamitocin shari'a masu zaman kansu da aka buɗe a Ibadan da Legas a 2002 su ma ba su da ikon ɗaure kowa. Saboda haka mai ƙarya a fadar Sarki kunya ce kawai ke jiransa, in ma an gano shi. Amma da zarar ya maimaita ta bisa rantsuwa a kotun gargajiya ko Babbar Kotu, ya shiga hannun dokar gwamnati. Da yawa cikin masu raka aboki "don a cika biyu" ba su san wannan bambanci ba.