Silsilar Masu Tsoratarwa da Alƙalami

Kamar yadda ɗalibin ilmi ba ya amsa sunan malami sai an san shehunan da ya durƙusa a gabansu, haka nan marubucin ƙissoshin ban tsoro yake da silsila, kuma ta Stephen King, wanda aka haifa a Portland ta jihar Maine a Amurka cikin 1947, tana komawa har Ingila ta 1764, shekarar da Horace Walpole ya wallafa The Castle of Otranto. A wancan zamani fatalwa ba ta da mazauni sai tsohuwar fadar sarakunan da suka shuɗe, can nesa da mai karatu; ko Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897, daga irin wannan kango ya taso kafin ya ƙetaro Landan.

King da bakinsa ya ruwaito cewa yana yaro ya tarar da akwatin littattafan mahaifinsa, wanda ya bar gida tun yaron yana ɗan shekara biyu, a ciki har da ƙissoshin H. P. Lovecraft. A wurin Lovecraft ya ɗauko firgicin abin da hankali ba ya iya riska, amma bai ɗauko lugarsa mai nauyi ba, kuma a ganina ya dace, domin shi Lovecraft in ya tashi siffanta abin tsoro, sai ya yi ta ɗora sifa a kan sifa har tsoron ya gaji ya tafi. Wanda ya fi yi wa King tasiri, bisa shaidarsa, shi ne Richard Matheson, mawallafin I Am Legend na 1954, wanda ya tara masu shan jini a ƙofar gidan wani ma'aikaci a Los Angeles.

Sa'ad da King yake malamin makaranta a Hampden, yana karantar da Dracula, sai ya raya a ransa abin da zai auku da a ce mugun ya sauka a Amurka ta zamaninsa, daga nan littafinsa 'Salem's Lot ya fito a 1975, shekara guda bayan littafinsa Carrie. Salonsa kuwa shi ne jinkiri: sai ya nuna maka mai kanti, da tsegumin gari, da maganar mutanen Maine har da ashar ɗinsu, sai ka san kowa da sunansa da aibinsa, sa'an nan ya fara ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.